An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin da Ke Hana Batirin Mota Samun Caji

Batir biyu na saya cikin wata biyar kafin na yarda cewa ba batir ke damun motata ba. Tun farko, tsohon batirin motar ne ya mutu mini a ƙarƙashin gadar Kwangila ana kiran magariba. Na murɗa makulli, sai wani ƙas-ƙas-ƙas kamar ƙadangare na gudu a kan kwano. Washegari na shiga Sabon Gari, mai shago ya ɗaga tsohon ya jijjiga, ya ce, "Alhaji, wannan ai ya gama aiki." Na biya, aka ɗora sabo, mota ta tashi bugu ɗaya, na yi hamdala. Ba a rufa wata guda ba yaran unguwarmu a Tudun Wada suka koma tura ni da safe. Na biyun ma haka ya bi sahun ɗan'uwansa. Sai da wani dattijo mai gyaran wutar mota ya ɗora mita a wuri biyu, bai kwance ko noti ɗaya ba, sannan aka gane inda gizo ke saƙar.

Duk wanda ya zauna a Zariya ya san ɗan garuwa da randa, to da su zan kwatanta. Batir randa ce, ajiya kawai yake yi. Altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta in injin na aiki, ita ce ɗan garuwan da ke cika ta. Idan ka wayi gari randa ba ruwa, ba ka fara da fasa ta ka sayo wata. Wataƙila ɗan garuwan ne bai zo ba. Wataƙila ya zo, amma jarkokinsa sun tsiyaye a hanya. Ko randar ce ta tsage, ko kuma akwai mai ɗiba da dare kana barci. Mota ma haka take, kuma abin da ke ruɗa mutane shi ne duk huɗun alama ɗaya suke nunawa: ka murɗa makulli, shiru. Batir ne mai kuka, shi ya sa shi ake fara kamawa.

Aikin batir na gaskiya ɗan kaɗan ne. Yana ba kik wuta mai yawa, sama da amfiya 100 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), na 'yan daƙiƙu, har injin ya kama. Daga nan altaneta ke karɓar ragama. Ita ke riƙe fitilu, da na'urar sanyi, da fankar lagireto, da famfon mai, da kwamfutar injin, sannan ta mayar wa batir abin da kik ya ɗiba. Idan ta daina, motar ba ta mutuwa nan take. Sai ta koma cin ajiya a ɓoye, kana tafiya kana sauraren rediyo, har randa ta ƙafe.

A cikin altaneta akwai wani dunƙule mai juyawa wanda aka naɗe da wayar tagulla. Fanbel ke juya shi. Dunƙulen nan ba maganaɗisu ba ne sai an ba shi 'yar wuta, kuma wutar tana shiga ne ta wasu ƙananan gawayi biyu, burushi, da ke gogar zobba biyu na tagulla. Kewaye da dunƙulen akwai naɗin waya kashi uku da ba ya motsi, a nan wuta ke haifuwa. Sai dai wutar da ke fitowa mai kai-komo ce, irin ta gida, batir kuwa ba ya cin irinta. Don haka aka jera dayod, galibi guda shida, waɗanda suke kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya, su miƙar da ita. Na ƙarshe shi ne mai daidaita ƙarfin wuta, wanda masu gyara ke kira ai-si, tsofaffin cikinsu kuma su ce kotawut. Shi ke ƙara wa dunƙulen wuta ko ya rage, don kada cajin ya gaza ko ya wuce kima. Abin lura a nan shi ne altaneta sai an ba ta wuta take ba da wuta. Wannan ɗan sirrin shi ke bayan rabin rikicin da za mu zo kansa.

Kafin mita ma, akwai shaidar da ke gabanka kullum: jar fitilar nan mai hoton batir a dashbod. Sunanta ya yaudari mutane da yawa. Ba lafiyar batir take faɗa ba, caji take sa wa ido. Idan ka murɗa makulli ba ka tayar da injin ba, dole ta kama. Injin na tashi, dole ta mutu. In ta tsaya a kunne, caji ba ya tafiya daidai, wannan kowa ya sani. Wanda ba a cika kula da shi ba shi ne idan ta ƙi kamawa tun farko. Direba sai ya ji daɗi, ba jar wuta a gabansa. Alhali a tsofaffin motoci da yawa, ta layin fitilar nan 'yar wutar farko ke bi ta tayar da altaneta. A Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, siririyar waya ce shuɗiya. In ta tsinke ko ta zare, altaneta lafiyayya sai ta yi zaune, ba ta fara caji sai an taka totur injin ya yi ƙara sosai. Direban da ya ce maka motarsa "sai an ba ta wuta take caji" ya riga ya faɗa maka inda za a duba, ko da shi bai sani ba. Na kuma ga motar da aka cire wa ƙwan fitilar da gangan kafin a sayar da ita, don kada mai saye ya ga ja.

Sai fanbel. Buɗe bonet injin a kashe, ka danna shi da babban yatsa. In ya lotsa da yawa, ko ya yi ƙyalli kamar an goge shi da man takalmi, ko ya tsattsage, to yana zamewa a kan fuli. Kukan nan na tsiii da safe, ko lokacin da ka kunna na'urar sanyi, shi ne. Baƙin mai da ke ɗiga daga saman injin yana jiƙa shi, yana kuma shiga cikin altaneta ya haɗu da ƙurar hunturu su zama kwaɓa a kan burushi. Wannan dubawar ba ta cin ko sisi.

Yanzu ga mita. Ƙaramar mitar nan mai lambobi da masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke riƙewa ta wadatar, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir ba. A juya ta zuwa alamar V mai miƙaƙƙen layi, a kan 20. Jan tsinke a kan batir mai alamar tarawa, baƙi a mai alamar ragewa.

Awon farko injin a kashe, bayan mota ta huta 'yan sa'o'i. Batir yana da ɗaki shida, kowanne na ba da kusan bolt 2.1 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), don haka cikakke yana nuna wajen 12.6. In ka ga 12.2, ya kai rabi. Ƙasa da 12, ya kusa ƙafewa. Idan kuwa an yi masa caji sosai amma ya dawo wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, randa ta tsage, nan kam mai shago ya yi gaskiya. Awo na biyu, ka bar tsinkayen a wurin wani ya murɗa makulli. Lambar za ta faɗo, amma batir mai lafiya da ke cike bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Na uku, injin na aiki. Nan ake son ganin tsakanin 13.5 da 14.7. Ka kunna manyan fitilu da fanka da na'urar sanyi, ka ɗan taka totur. In lambar ta tsaya sama da 13, ɗan garuwa na zuwa. In ta maƙale a 12 da 'yan kai tana zamewa ƙasa, ba abin da ke shiga.

A nan akasarin mutane ke tsayawa su yanke hukunci: altaneta ta mutu, a kwance ta. Ni ma da a nan zan tsaya, domin da aka kunna fitilu mitar dattijon 12.4 ta nuna a kan batirina. Har na fara lissafin kuɗin 'yar Beljiyam a zuci. Shi kuwa bai ce komai ba, ya ɗauke jan tsinken ya kai bayan altaneta, kan notin da babbar waya ke fita. Sai ga 14.3. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, altanetarka na aiki. A hanya ake tare kayan."

Wannan awo na huɗu shi ne wanda ya fi kowanne daraja, kuma shi aka fi tsallakewa. Tsakanin altaneta da batir akwai tafiya: babbar waya, da babban fis wanda a motoci da yawa yake ɗaukar amfiya 100 ko fiye, da kan batir. Akwai kuma hanyar dawowa, wadda mutane ke mantawa da ita sam. Wuta ba ta tafiya sai ta zagayo, kuma tana zagayowa ne ta jikin altaneta, ta jikin injin, ta wata kakkaurar waya da ta haɗa injin da bodi da baƙin kan batir. Duk inda tsatsa ta ci, ko noti ya saki, ko farin garin nan mai kore-kore ya taru a kan batir, wuta na raguwa a wurin ta koma zafi. Hanyar kama wurin kuwa mai sauƙi ce. Injin na aiki, fitilu a kunne, ka sa tsinke ɗaya a notin bayan altaneta, ɗaya a jan kan batir. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ke zubewa a hanya. Ya kamata ya zama ɗan mitsitsi, kamar 0.2 ko 0.3. In ya haura 0.5, akwai ɓarawo a layin. Sai ka maimaita tsakanin jikin altaneta da baƙin kan batir, inda ake son ƙasa da 0.2. Matsalar hanyar dawowar nan tana yawan faruwa bayan an sauke giyabos ko an canza injin, yaron gareji ya manta bai mayar da kakkaurar wayar nan ba, ko ya ɗaure ta a kan fenti. Kuma a lura, kan batirin da ake buga wa ƙusa ko a cusa masa guntun gwangwani don ya kama, shi ma wurin zubewa ne, komai kyan batirin da ke ƙarƙashinsa.

Idan kuwa lambar ta zo ɗaya a wuri biyun, 12 da 'yan kai a batir, haka a bayan altaneta, to ɗan garuwan ne bai ɗebo ba. Ko a nan ban yarda a yi saurin kwancewa ba. Akwai ƙaramin soket a jikinta. A yawancin motocin Toyota wayoyi uku ne ko huɗu: ɗaya na kawo wuta daga makulli, ɗaya na gaya wa ai-si halin da batir ke ciki, ɗaya na zuwa fitilar dashbod. Ƙaramin fis guda ya ƙone a layin nan, ko soket ɗin ya cika da datti, sai altaneta ta yi shiru kamar matacciya. An sha canza altaneta sukutum, sabuwar ma ta ƙi, daga baya a gano fis ne da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba.

Sai an wanke waɗannan duka ake buɗe ciki. Mafi yawan abin da ake tararwa burushi ne ya cinye, domin gawayi ne, gogawa yake yi dare da rana. Alamarsa fitilar caji ta riƙa kamawa tana mutuwa, musamman a gargada, ko caji ya dawo na ɗan lokaci in an ƙwanƙwasa jikin altaneta da sifana. Gyaransa araha ne. Ai-si kuma iri biyu yake lalacewa. Ko ya hana caji, ko ya sake shi ba linzami. Na biyun ya fi haɗari: mita ta haura 15, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya, batir ya yi zafi ya kumbura, ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mai irin wannan motar shi ma batir yake ta saye, yana zagin masu shago.

Dayod ya fi su wayo. Ɗaya ya mutu cikin shida, caji ba ya tsayawa, raguwa yake yi. Da rana lafiya lau, da dare an kunna fitilu sai ya gaza. Wani lokaci ka ji wani siririn kuka a rediyo yana hawa da sauka tare da totur. Ana kama shi in aka juya mita zuwa V mai lanƙwasasshen layi aka auna bayan altaneta: in ta nuna kusan 0.5 ko fiye, wutar kai-komo na tsallakowa. Mafi muni, dayod ɗin da ya huje yana barin wuta ta koma baya, daga batir zuwa altaneta, mota na ajiye. Ɗan garuwan da ya cika randa da rana shi ne ke dawowa ya kwashe da dare. Abin da ya fi kashe dayod a garin nan kuwa jona batir a juye ne, ja a baƙi, baƙi a ja, cikin duhu ana sauri. Ƙiftawar ido ta isa. Walda a jikin mota ba a cire batir ba ita ma tana yi.

Dole in tsaya a kan gwajin da ya fi kowanne farin jini a garejinmu, daga Sabon Gari har Ɗan Magaji: a tayar da mota, a zare kan batir, in ta ci gaba da aiki a ce altaneta lafiya. Gwajin ya samo asali tun zamanin motocin da ba su da kwamfuta, irin su 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Ko a wancan lokacin ba shi da cikakkiyar gaskiya, domin altaneta mai rabin rai tana iya riƙe injin a sulo alhali ba za ta iya cika batir ba. A motar yau kuwa ganganci ne. Batir shi ke shanye tsallen wuta. Ka zare shi injin na juyawa, ƙarfin wutar na iya yin tsalle ya wuce abin da kwamfutar injin da ai-si za su ɗauka. Garin neman gira a rasa ido. In ka ga mai gyara ya ɗauko sifana zai yi maka haka, ka ce, "Oga, don Allah a sa mita." In ya ce ba shi da ita, wannan ma amsa ce. Gwajin sukudireba, wanda ake kai ta bayan altaneta a ji ko maganaɗisu zai ja, ba ya ɓarna, amma iyakarsa ya nuna dunƙulen ciki na samun wuta. Bai san komai game da dayod ba.

Akwai kuma motocin da ke ruɗa mita kanta. Honda da yawa, da wasu sababbin motoci, kwamfuta ce ke ba altaneta umarni. In ta ga batir a cike kuma ba a kunna komai ba, sai ta sauke caji zuwa 12 da rabi ko sama kaɗan don a rage shan mai. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu. Kunna manyan fitilu, za ka ga ta haura 14. Irin waɗannan motocin ba kowace altaneta ake ɗora musu ba, ko da ƙafafunta sun zauna daidai. Sai soket da ai-si sun dace da abin da kwamfutar ke nema.

In caji ya fito daidai ta kowace fuska amma batir na wayar gari a ƙasa, saura mai ɗiba da dare. Fitilar but da ba ta mutuwa, rediyon da aka jona kai tsaye, amfilifaya, na'urar bibiyar mota da aka haɗa da gaggawa. Ana zare baƙin kan batir, a sa mita a tsakani a kan amfiya 10, a rufe ƙofofi a jira motar ta yi barci. Abin da ya wuce kusan 0.05 abin tuhuma ne. Sai a riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Kada dai a kuskura a murɗa kik mita na tsakani, nan take za ta ƙone.

Shi kansa batir yana da nasa haƙƙin. Zafin Maris da Afrilu ya fi sanyin hunturu cin ransa, sanyin dai shi ke tona asirin wanda ya riga ya raunana. Irin wanda ake buɗewa, in ruwansa ya ja baya, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba na famfo ba, ba na leda ba. Batirin da ya sauka ƙasa warwas kuma a kai shi wurin masu caji ya kwana. Zagayen Samaru zuwa PZ ba zai cika shi ba, kuma barinsa a ƙafe kwana da kwanaki yana sa farantan cikinsa su yi ɓawon da ba ya komawa. Haka batirina na farko da na biyu suka mutu, da yunwa, ba da tsufa ba. Mai duba injin yana aiki kuma ya naɗe hannun babbar riga, ya cire agogo da zobe, ya ajiye carbi. Fanbel ba ya tambaya, batir kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta, ba wurin sigari ba ne.

Idan jar fitilar ta kama ka a hanya, a ce ka baro Kaduna da yamma, fara duban allurar zafi. A motoci da yawa fanbel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa, in ya tsinke injin zai tafasa cikin 'yan mintuna, sai ka tsaya. In fanbel na nan, kashe na'urar sanyi da rediyo da duk abin da ba dole ba, kada ka kashe injin, ka nufi gari mafi kusa tun da sauran haske.

Tawa motar, dattijon ya bi babbar wayar da tsinken mita taki-taki har akwatin fis da ke gefen batir. Yana taɓa wurin ya janye yatsa don zafi. Babban fis ɗin da noti ake ɗaure shi ta ƙasa, notin ya saki, robar kewaye ta narke ta yi baƙi. Sai a lokacin na tuna. Watanni kafin duk wannan, wani maƙwabci ya taimake ni da jona da asuba, aka juya wayoyin, fis ya ƙone, wani yaro ya canza mini shi a tsaitsaye ina sauri zan kai yara makaranta. Dattijon ya kankare wurin da sanfefa, ya sa sabon noti ya ɗaure tamau, ya ce in tayar. Mita ta nuna 14.1 a kan batir, fitilu a kunne. Na tambaye shi nawa ne, ya ce in ba yaronsa na shayi.